Gyara Tsohuwar Mota Don Hawan Yau da Kullum a Kumasi: Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Shiga

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa a Aboabo, Asawase, Tafo da sauran unguwanninmu na Kumasi, waɗanda suka gaji tsohuwar mota daga iyaye ko suka saya don sha'awa, suke kuma son ta riƙa kai su aiki da kasuwa maimakon ta ci gaba da zama a ƙarƙashin tamfol. An sa wa kowace tambaya lamba domin a sami sauƙin komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Wace irin mota ake nufi a nan, kuma anya za ta jure hawan kullum?

Ana nufin motocin da aka ƙera daga shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980, waɗanda babu kwamfuta a cikinsu, irin su Peugeot 404 da 504, Mercedes W123, Volkswagen Beetle, Datsun 120Y da Land Rover Series III. Za su jure, domin dama don aikin yau da kullum aka yi su, kuma da yawa daga cikinsu sun yi tasi da jigilar fasinja shekara da shekaru a hanyoyin da suka fi na yanzu muni. Abin da ya canza shi ne titin da za su koma: motocin zamani da ke gabanka suna tsayawa nan take, cunkoson Kejetia da shataletalen Suame yana riƙe mutum tsawon lokaci inji na aiki a tsaye, ga pragya da aboboya, wato babura masu ƙafa uku, suna kutsowa ta kowane gefe. Don haka gyaran da ake bukata shi ne wanda zai sa motar ta tsaya idan an taka birki, ta riƙe hanya, ta daina zafi a cunkoso, ta kuma tashi kowace safiya.

2. Ban saya ba tukuna. Wacce ta fi dacewa da wanda bai san kanikanci ba?

Wadda kayanta suke samuwa a Magazin ta Suame, babbar cibiyar garejoji da kayan gyaran mota ta Kumasi, ba tare da an jira sako daga waje ba. Kafin ka biya ko sidi ɗaya, ka shiga Magazin ka nemi famfon ruwa, takalman birki, gasket ɗin kan inji, kulochi da gilashin gaba na motar da kake so. Idan ka same su a yini guda, motar za ta zaunu a hannunka. A wannan ma'auni Peugeot 504 tana gaba, domin ko da yake an fara ƙera ta a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har zuwa 2006, shi ya sa kayanta da masu gyaranta suka wadata a Afirka ta Yamma. Mercedes W123, wadda aka ƙera kusan miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986, ita ma zaɓi ce mai kyau, musamman masu dizal irin 200D da 240D, waɗanda ba su da gudu amma injinsu yana daɗewa. Beetle ta fi kowacce sauƙin koyon gyara, sai dai cikinta yana da zafi da ƙara. Land Rover kuwa tana shan mai, sitiyarinta yana da nauyi, ban ga dacewarta da zirga-zirgar cikin gari ba.

Akwai kuma batun gefen sitiyari. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta, 1974, saboda haka wasu motocin da suka shigo kafin lokacin suna da sitiyari a dama. Wuce babbar mota a hanyar Accra da irin wannan sitiyari kasada ce, domin direba ba ya ganin abin da ke tahowa. Sabon shiga ya bar irin waɗannan ga masu ajiya don tarihi.

3. Me zan duba a jikin motar kafin in biya kuɗi?

Tsatsa ce ta farko. Inji ana sauke shi a gyara, amma ƙarfen da ya ruɓe yana cin kuɗin walda da ba a san iyakarsa ba, kuma a kansa birki da sifirin da bel ɗin kujera duk suke ɗaure. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba daɓen motar, ka leƙa ƙarƙashin batir, gindin ƙofofi, wuraren kafa jak, kusurwoyin gilashin gaba da ramin safaya. Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika aka rufe da fenti. Banda Land Rover, wadda bodinta na alminiyum ne, ita shasinta ake ƙwanƙwasawa da guduma. Motar da ta yi rayuwarta a Accra, Tema ko Takoradi ta sha iskar teku mai gishiri, sai a ninka bincike. Sabon fenti mai ƙyalli a kan motar da ta haura shekara 40 sau da yawa kyan ɗan maciji ne.

Ka nemi a tayar da injin a gabanka yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibinsa. Hayaƙi mai shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa kuma yana nuna ruwa na shiga silinda. Ka tafi da fita, wato makaniki, da ka amince da shi, wanda ba na mai sayarwa ba, ya auna matsin kowace silinda. Kada ka bar wurin sai ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 4.

4. Waɗanne takardu ake bukata, musamman idan motar ta gado ce?

Ana bukatar rajista da sunanka a DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, da takardar lafiyar mota wadda motar gida ke sabuntawa kowace shekara, da inshora aƙalla irin wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Tsufan mota ba ya ɗauke mata ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan motar marigayi ce, a fara raba gado yadda addini da doka suka tanada, a sami yardar sauran magada a rubuce, sannan a canza suna kafin a fara kashe kuɗi. An sha ganin motar da ba wanda ya kula da ita tana ruɓewa a tsakar gida, amma ranar da ta yi kyau sai rigima ta tashi. Duk canjin da ya shafi abin da ke rubuce a takarda, kamar inji, launi ko mayar da mota mai amfani da gas, sai a sanar da DVLA.

5. Da wane aiki zan fara, wanne kuma zan bari sai ƙarshe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma a nan ne yawancin sababbin shiga suke asarar kuɗinsu. Tsarin shi ne: waldar wuraren da ke ɗaukar nauyi, sai birki da taya da sitiyari, sai bel ɗin kujera, sai tiyon mai da wayoyi saboda gobara, sai sanyaya inji, sai abin da ya shafi tashin mota. Fenti da kujeru da rediyo su ne na ƙarshe. Zuciya takan so a fara da fenti saboda shi mutane suke gani, amma duk aikin da ya biyo baya zai ƙarce shi, kuma kuɗin da ya tafi can shi ne zai rasa lokacin da birki ya nema.

Ka'ida ta biyu ita ce a mayar da kowane sashe yadda masana'anta ta yi shi kafin a yanke hukuncin cewa bai isa ba. Mafi yawan abin da ake ɗauka raunin tsohuwar mota ne, a gaskiya lalacewa ce ta shekaru da gyaran wucin gadi. Ta uku, duk abin da aka cire na asali a wanke shi a ajiye, kuma a fifita canjin da ake ɗaurawa da noti a kan wanda sai an yanka ƙarfe. Sannan a riƙa yin canji ɗaya a lokaci guda, domin idan matsala ta ɓullo a san inda ta fito.

6. Dole ne in mayar da birkin ganga ya koma na faifai?

Ba dole ba ne, kuma wasu motocin ma ba su da bukata: W123 ta fito da birkin faifai a tayoyinta huɗu, 504 ma tana da shi a gaba. Abin da ya zama dole shi ne sabunta duk robar da ke cikin tsarin birki. Tiyon roba da ke zuwa kowace taya yana kumbura ta ciki ko da wajensa yana da kyau, sai ya hana mai komawa, birki ya riƙe taya ko mota ta riƙa ja gefe guda. A canza su duka, tare da robobin masta, wato famfon da fedar birki ke turawa, da na silindar taya, a kuma duba bututun ƙarfe ko tsatsa ta ci shi. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska, kuma a gari mai damina biyu kamar Kumasi hakan yana saurin faruwa. Idan ruwa ya yi yawa a ciki sai man ya tafasa a gangara, feda ta nutse. A zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu, kuma kada a gauraya shi da DOT 5.

Canjin da nake ganin ya wajaba shi ne na motocin da ke da masta mai layi ɗaya, kamar yadda da yawa suke kafin ƙarshen shekarun 1960. A irin wannan tsari, tiyo ɗaya ya fashe birkin tayoyi huɗu ya tafi gaba ɗaya. Masta mai layi biyu yana raba tsarin gida biyu, ta yadda idan ɗaya ya zube ɗayan zai tsayar da mota. Idan bayan an yi duk wannan kana yawan bin hanyoyi masu gangara, birkin ganga yana yin zafi yana rage kamu, to a nemi na faifai a gaba daga wani samfuri na wannan motar da ya fito daga baya. Haɗa kayan motoci daban-daban da walda a wurin birki abu ne da ban yarda da shi ba ko kaɗan.

7. Tayoyin suna da zane sosai. Me ya sa ake cewa in canza su?

Saboda roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000. Shawarata ita ce kada a hau tayar da ta wuce shekara shida, kuma wannan ya shafi tayoyin hannu da ake shigowa da su, waɗanda zanensu ke ruɗin mai saye. A tsaya a girman da masana'anta ta sa, domin taya mai faɗi tana ƙara wa sitiyari nauyi tana kuma cin boris. A lokaci guda a canza shokozoba da bushin da tayarod da suka saki, sannan a daidaita ƙafafun motar.

8. Motar ba ta da bel ɗin kujera. Ana iya sa mata?

Ana iya, kuma dokar hanya ta Ghana ta 2004 ta wajabta ɗaura shi. Bel mai maɗauri uku, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959, shi ake nema. Motoci da yawa na shekarun 1970 suna da ramukan noti da aka tanada a ƙarƙashin shimfiɗa da jikin ginshiƙin ƙofa. Inda babu, sai a ƙarfafa wurin da farantin ƙarfe mai kauri ta baya, domin noti a kan siririn daɓe zai tsinke a karo. Wannan ne dalilin da ya sa walda ta riga shi a tsarin tambaya ta 5.

9. Injin yana zafi a cunkoso, fita ya ce a cire tamostat. Shin daidai ne?

Ba daidai ba ne, ko da yake al'ada ce da ta yaɗu a garejojinmu. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Idan aka cire shi, inji yana daɗewa yana aiki da sanyi, ya sha mai, ya kuma ci jikinsa. A wasu injuna, ciki har da na dizal na W123, tamostat ɗin ne kuma yake toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji. Idan babu shi sai ruwa ya riƙa kauce wa lagireto, zafin ya ƙaru maimakon ya ragu.

Ainihin dalilin zafi yawanci lagireto ne da ya toshe da tsatsa da laka saboda an shekara ana zuba masa ruwan famfo ko na rijiya. A sauke shi a kai wa masu gyaran lagireto su buɗe su zure bututunsa ko su sa masa sabon ciki, a wanke hanyoyin ruwa na inji, a canza famfon ruwa da tiyo da fanbel, a sa sabon tamostat da sabon murfi. Murfin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Daga nan a riƙa amfani da ruwan lagireto mai maganin tsatsa. Idan har yanzu allurar zafi tana hawa idan mota na tsaye, a ƙara fankar lantarki mai kunna kanta. Lokacin hunturu a riƙa wanke ƙurar da ke toshe fuskar lagireto.

Beetle ba ta da ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Dole duk farantan da ke kewaye da injinta da robar da ke rufe ɗakin inji su cika, kuma idan jar fitilar caji ta kama ana tafiya a tsaya nan take, domin bel ɗin da ke juya dainamo shi ne ke juya fanka.

10. Batir yana yawan mutuwa, fitilu kuma ba su da haske. Ina matsalar take?

Idan motar tana da dainamo, shi ne abin zargi na farko, domin ba ya caji sosai idan inji na aiki a hankali, wanda shi ne halin cunkoso. Mayar da shi altaneta yana cikin canje-canje mafi amfani, kuma bayan an sa, mita ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4 a kan batir inji na aiki. Tsofaffin Beetle masu bolt 6 gara a mayar da su 12. Wasu motocin Ingila na farkon shekarun 1960 kuma suna haɗa kan batir mai alamar tarawa da bodi, sai an juya wannan kafin a sa altaneta ko rediyon zamani.

Rashin hasken fitila sau da yawa daga tsofaffin wayoyi da makunni ne. A kankare duk wuraren da waya ke haɗuwa da bodi, a sa wa fitilun gaba rile, wato makunnin lantarki, domin wuta ta zo musu kai tsaye daga batir. A bi akwatin fiyus ɗaya bayan ɗaya a cire duk inda aka naɗa waya ko takardar azurfa a madadin fiyus, domin irin wannan ne ke ƙona mota. Maɓallin yanke batir gaba ɗaya yana da araha, yana kuma rage haɗarin gobara da sata.

11. In bar kwantak da kafireto, ko in canza su?

Kwantak, wato ƙaramin makunnin da ke buɗewa da rufewa cikin distiribita don filogi ya sami wuta, yana cinyewa, sai an riƙa daidaita tazararsa, wadda a Beetle milimita 0.4 ce. Akwai ƙaramar na'urar lantarki da ke zama a gurbinsa cikin distiribita ba tare da an yanka komai ba, tana sauƙaƙa tashin mota da safe, kuma ina ba da shawararta ga mai hawan kullum, da sharaɗin ya ajiye tsohon kwantak da kwandensa a but. Kafireto kuwa, mai haɗa fetur da iska kafin su shiga inji, a bar shi. A wanke shi, a sa masa sababbin gasket, a daidaita shi bayan an gama daidaita bawul da lokacin wuta, domin yawancin laifin da ake ɗora masa daga wuta yake.

12. Man fetur na yanzu yana cutar da tsohon inji?

Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai darma tun farkon 2006, kuma darmar ce take kare mazaunin bawul a injunan da kansu na baƙin ƙarfe ne, irin na Land Rover mai fetur. Irin waɗannan, duk ranar da aka sauke kan inji a sa musu mazauni mai tauri. Injunan da kansu na alminiyum ne, kamar na Beetle da 504, dama suna da mazaunin ƙarfe da aka dasa, ba su cika samun wannan matsala ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne tsohon tiyon mai da ya tsattsage, da tankin da ya tara tsatsa: a wanke tanki, a canza tiyo duka, a sa matatar mai nesa da zafin salansa. Baƙin mai mai kauri irin 20W-50 ya dace da yawancin masu fetur, kuma Beetle, da yake ba ta da matatar baƙin mai sai 'yar raga, a juye mata duk kilomita 5,000.

13. Ba zai fi sauƙi ba in sa injin Toyota na zamani, har da na'urar sanyaya ɗaki?

A Magazin za a iya dasa kusan kowane inji a kowace mota, gwanintarsu ba abin musu ba ce. Amma sabon inji yana jawo canjin giya, mazaunin inji, lagireto, wayoyi da salansa, ƙarfinsa kuma yana iya fin abin da birki da ƙafafun motar za su ɗauka, darajarta ta tarihi ta faɗi, ga zirga-zirgar takardu da aka ambata a tambaya ta 4. Kada a yi haka sai idan injin asali ya fashe ba shi da magani, kuma ko a nan a fara neman irinsa. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara wa inji nauyi da zafi, saboda haka ba a taɓa ta sai an gama abin da ke tambaya ta 9 da ta 10. Idan motar ta zo da ita, tsohuwar iskarta R12 ce, sai an mayar da ita R134a.

14. Wane aiki zan iya yi da hannuna, yaya kuma zan yi hulɗa da fita?

Sabon shiga zai iya juye baƙin mai, canza filogi da matatar iska da fanbel, duba ruwa da iskar taya, da tsaftace kan batir. Ya nemi littafin gyara na ainihin samfurin motarsa, ya ɗauki hoto da waya kafin ya kwance komai, kuma kada ya taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Birki da sitiyari da walda na masu sana'a ne, amma ka tsaya ka kalla.

Ka nemi dattijon masta, wato babban makaniki, da ya yi koyo a zamanin waɗannan motoci, kuma kowane aiki ka kai wa mai shi, mai waya daban, mai lagireto daban. Ka gaishe shi da girmamawa, ka ce, "Masta, don Allah a nuna mini abin da ya lalace kafin a canza, a kuma ajiye mini tsohon." Ku yi ciniki a kan aiki ɗaya, ku je sayen kaya tare da shi ko da yaronsa, ka biya kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ke tafiya, ka kuma rubuta kwanan wata da abin da aka yi a littafi guda.

15. An gama aiki. Yaya zan fara hawa, me kuma zan riƙa ɗauka a but?

Ka fara da gajerun tafiye-tafiye a cikin unguwa da sassafe, kana duba ƙasan mota bayan kowace fita ko akwai ɗigon mai ko ruwa, sannan ka shiga cunkoso, sai daga baya doguwar hanya. Bayan makonnin farko a sake ɗaure notin taya da na ƙafafu. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, kada kuma ka kutsa ruwan da ya kwanta a titi lokacin damina, domin distiribita da birkin ganga ba sa shiri da ruwa. A but a sami safaya mai iska, jak, sifanu, fanbel, fiyus, filogi, galan na ruwa, man birki, tocila, alamar gargaɗi mai kusurwa uku da abin kashe gobara. Mai W123 ta dizal kuma ya sa masta ya nuna masa hannun kashe inji da ke ƙarƙashin bonet, domin idan tiyon zuƙar iska ya huje, injin ba ya mutuwa ko an zare makulli.